Wurin da Baba Azariya Ya Sara

Da likita ya ce Baba Azariya zai koma gida, Mama Hulda ta ɗauka kunnenta ne ya gaza. Ta juya ta dubi ɗansu Levi, wanda ke koyarwa a wata makaranta cikin Kafanchan, ta ce, "Me ya ce?"

"Ya ce an sallame mu, Mama."

"An sallami wa? Mutumin da ɗinkinsa bai bushe ba?"

Mako bai cika ba tun da tsohon ya zame a kan jiƙaƙƙen dutse, a ƙauyensu da ke gaba da Fadan Kagoma, yana hanyar zuwa duba cittar da aka rufe da ciyawa. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka kawo shi wani asibiti a Kafanchan, aka tsaga, aka sa ƙarfe, aka ɗinke.

Likitan yaro ne, amma ba mugu ba. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita.

"Mama, yanzu ba a ajiye tsofaffi a asibiti kamar da. In sun daɗe a nan wata cutar suke kwasa. Kuma Baba yana da ciwon mantuwa, baƙon wuri yana ƙara ruɗa shi. Kin ga yadda yake fizge robar ƙarin ruwa. A gida zai ga ɗakinsa, ya ji muryar mutanensa, hankalinsa ya kwanta. Sannan ki leƙa baranda."

Ba sai ta leƙa ba. Ta tsallake su da safe: mutane kwance a tabarmi suna jiran a saki gado.

"Abu ɗaya ne kawai," in ji likita. "Kada ya taka ƙafar nan. Ko sau ɗaya. Ƙashinsa ya yi laushi, ƙarfen bai kama ba tukuna. In ya tsaya a kanta kafin mu ce ya tsaya, ƙarfen zai ɓalle, kuma ba na jin zai sake tafiya."

"Ɗana likita, ga shi nan. Gaya masa da bakinka."

Likita ya sunkuya ya gaya wa Baba Azariya, a hankali, kalma kalma. Tsohon ya saurara da ladabi, ya gyaɗa kai.

"To, Fasto. Na ji. Allah ya ƙara maka shafewar Ruhu."

Likita bai gama miƙewa ba, tsohon ya ɗaga zanen rufa, ya dubi bandejin, ya ce, "Wa ya ɗaure min ƙafa? Ku kwance, zan je gona."

"Ka gani?" in ji Mama Hulda.

Likita ya gani. Amma an riga an rubuta sunan wani a kan gadon.

Wata nas mai suna Clara ce ta taya su naɗe kaya. Tana ninke zani ta ce ƙasa ƙasa, "Mama, abin da ya riƙe shi a nan ba ƙarfen gefen gado ba ne kawai. Daɓen nan ne. Yana sheƙi, sai ya ɗauka ruwa ne. Kullum ya leƙa ya ce kogi ya cika, bari ya jira ya janye. Gidanku akwai irinsa?"

"Daɓen ƙasa ne, 'yata. Shi ya daɓe shi da hannunsa."

Clara ta ƙara musu auduga, ta nuna wa Levi yadda ake juya tsoho ba a murɗa ƙugu ba.

Suka yi shatar mota. Kowane rami a hanya, Baba Azariya ya yi ƙara, ya tambayi wanda ya buge shi. Da suka shiga ƙauye aka kwantar da shi a gadonsa, sai ga maganar likita ta fito gaskiya. Ya daina ihu. Ya dubi rufin ɗaki, ya dubi ƙofar gaba da ke fita tsakar gida, ya dubi 'yar ƙofar baya da ke fita wajen rumbu, ya sauke numfashi. Ya san wurin. Abin da likita bai lissafa ba shi ne, mutumin da ya san wuri ya san hanyar fita.

Levi ya kwana biyu ya koma. Makaranta ba ta jira, matarsa kuma tana da jariri. Ya ce zai riƙa zuwa ran Asabar. Samarin gidan duk sun watse, wasu Kaduna, wasu Abuja, suna tuƙa babur. Aka bar tsohuwa da tsoho.

Wanda bai san Azariya da ba ba zai gane abin da Hulda ke jinya ba. Dattijon ikilisiya ne, mai tsanani. A zamaninsa in ya ga mutum da fartanya ran Lahadi, har gida zai bi shi. Kuma shi ne babba a zuriyarsu. A gidan nan, tun kakanni, in an yi mutuwa ba saurayin da zai taɓa ƙasa sai babban gida ya zaga bayan gida, ya zaɓi wuri, ya sara sau ɗaya da tsohuwar fartanyar da ke saƙale a gindin rumbu. Daga nan samari su karɓa su haƙa. Shi ya sara wa uwarsa. Shi ya sara wa ƙanensa Obadiah, da 'ya'yansa biyu. Bai taɓa bari mata sun gama waƙar farko bai sara ba, don yana cewa abin kunya ne gawa ta jira ƙasa.

Yanzu kuwa sunan Levi ma yakan ɓace masa. Hulda da suka tsufa tare, ya daina ce mata Maman Levi. Ya koma kiranta da sunan ubanta, 'yar Kumai, kamar lokacin da yake tsayawa a bakin rafi yana jiranta.

Kowace safiya abu ɗaya ne. Zakara ya yi cara, tsohon ya yaye zani, ya fara jan ƙafa zuwa bakin gado.

"Ina za ka, Baban Levi?"

"Gona mana. Ciyawa za ta cinye citta kina tsaye."

"Ƙafarka a karye take. An yi maka aiki."

"Ƙafar wa? Ke 'yar Kumai, ba na son wasa da safe."

Ta nuna masa ɗinkin. Ya duba, ya yi mamaki, ya kwanta. Kafin ta dama kunu ya manta.

Ta ɓoye takalmansa. Ta ɓoye sandarsa da addarsa a ɗakin maƙwabta. Ta sa turmi ta tare ƙofar baya. Wata rana da ta rasa yadda za ta je ɗiban ruwa, ta ɗauki zani ta zagaya ƙirjinsa ta ɗaure a jikin gado. Da ta dawo ta same shi bai yi ihu ba, bai yi kokawa ba. Hawaye ne kawai ke bin kunnensa.

"Me na sata?" ya ce.

Ta ajiye bokiti, ta kwance shi, ba ta sake ba.

Dabarar da ta yi aiki ta zo mata ne ba shiri. Wata safiya yana jan ƙafa, ta ce, "Yau Lahadi."

Ya tsaya cak. "Lahadi?"

"Lahadi. Dattijo guda zai ɗauki fartanya ran Lahadi?"

"Allah ya sawwaƙe." Ya mai da ƙafar da kansa. Can ya ce, "To kawo min rigata, mu je sujada."

"An riga an tashi. Ka makara."

Kunya ta kama shi. Ya ja zani har wuya, ya ce kada ta gaya wa Fasto. Ya wuni a kwance lafiya lau.

Daga ranar kowace rana ta zama Lahadi a ɗakin nan. Matar da ba ta taɓa yi wa mijinta ƙarya ba ta riƙa yi kowace safiya, da yamma ta durƙusa ta roƙi gafara, gari ya waye ta sake. Da Levi ya zo ya ji, ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Ita kuwa tana ƙarewa. Ita ce juya shi, ita ce kwashe fo, ita ce wankin zannuwa a damina da ba rana. Bayanta ya riƙe. Amma ƙafar tana lafawa, kumburin ya sauka, kuma Levi ya ce saura kaɗan su mai da shi a duba. Hulda ta fara barin kanta ta yi tunanin ranar da zai tsaya a tsakar gida ya yi wa kaji faɗa.

Ran nan da hantsi, tsakiyar mako, tana tankaɗen acca a bakin ƙofa, sai ta hango su a hanya. Matan zumuntar coci ne, cikin zanensu iri ɗaya da farin ɗankwali, wata da tulun kiɗa a ka, wata da caki, wata da itace, wata da kwanon gwate. Uwar Zumunta, Yemima, tana gaba tana haki.

"Salama, masu gida! Hulda, ashe kina da rai? Mun ɗauka ke ma an sa miki ƙarfe, shi ya sa ba ki zuwa."

"Maraba, maraba. Ke da kike tafiya kamar agwagwa, ke ya kamata a sa wa."

"Agwagwar ce ta kawo miki itace. Karɓi. Ina saurayin namu?"

"Yana barci."

"Madalla. Kada ki tashe shi. Mun zo mu gode wa Ubangiji da ya dawo mana da shi. Tun da aka kawo shi muke cewa za mu zo, shuka ta hana. Mutum ya shiga hannun likita ya fito da rai, a yi shiru? Me za mu ce wa Allah?"

Hulda ta dubi tulun. Wani abu ya taɓa mata zuciya, ba ta san mene ba. Ta ce, "Yemima, ko a yi addu'a kawai? Kiɗan nan..."

"Kai! Ku ji min tsohuwar Uwar Zumunta! Ke da kika koya mana bugun tulu? Da ke ce a gidan wata, da kin yarda a yi godiya da baki rufe?"

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Za mu yi a hankali, Mama. Waƙa biyu."

Wa zai kori masu addu'a daga ƙofarsa? Kuma tun da aka dawo daga asibiti ba wanda ya ba Hulda dariya sai yau. Ta leƙa ɗaki. Yana barci, bakinsa a buɗe. Turmi yana nan a ƙofar baya. Ta jawo ƙofar gaba don kada ƙara ta dame shi, ta shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, ta tafi kawo wa baƙi ruwa.

Suka fara a hankali kamar yadda suka ce. Amma mata goma sha wani abu ba sa waƙa a hankali. Tulu ya ɗauka, caki ya bi, Yemima ta ja baiti, sauran suka amsa. Suka jawo Hulda tsakiya. Ta ƙi, ta ƙi, sannan ƙafarta ta tuna. Ta rufe ido ta yi waƙa, hawaye na zuba, ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka.

A cikin ɗaki Baba Azariya ya buɗe ido. Ya manta asibiti, ya manta ƙarfe, ya manta Lahadi. Abin da ya sani shi ne, tulun matan zumunta yana bugawa a tsakar gidansa da rana tsaka, mata suna waƙa, wata tana kuka. Tsawon ransa abu ɗaya ne ke kawo wannan. Kuma ga shi a kwance, waƙa ta yi nisa, bai sara ba.

Yadda ya ture turmin nan, ba wanda ya sani. Yadda ya kai rumbu, jikin bango ya nuna, don ga shatin hannunsa a jiƙaƙƙen yumɓu. Hulda ta ɓoye takalmi, ta ɓoye sanda, ta ɓoye adda. Fartanyar gindin rumbu ba ta zo mata a rai ba, don ba kayan aiki ba ce, ba a taɓa ta sai an yi mutuwa.

Suna cikin waƙa ta uku wata mata da ta zaga bayan gida ta ƙwalla ihu.

Suka same shi kwance a gefen kabarin Obadiah. Ƙafar ta juya waje, ta gajarce. Fartanya tana hannunsa. Kusa da kansa ga sara ɗaya a jar ƙasa, mai zurfi, mai kyau, irin na wanda ya san aikinsa.

Hulda ta zube a kansa. "Baban Levi! Me ka yi? Me ka yi min?"

Gumi ya rufe masa fuska, amma muryarsa ta dattijo ce.

"Na sara. Ku kira samari." Ya dube ta da kyau, ya kama hannunta. "'Yar Kumai, ashe ba ke ba ce. Na gode Allah. To wa ya mutu?"

Yemima ta toshe bakinta da ɗankwali.

Levi ya zo da mota kafin yamma. Suka koma asibiti. Aka ɗauki hoto, likitan nan dai ya ɗaga shi sama ya daɗe yana kallo. Ƙarfen ya ɓalle, ya tafi da guntun ƙashi.

"Na ce kada ya taka," ya ce, ba da faɗa ba.

"Ka ce," in ji Hulda. "Shi ma ya ce maka ya ji."

Likita ya ajiye hoton. Ya ce ba inda ƙarfe zai sake kamawa, kuma zuciyar tsohon ba za ta ɗauki wata tiyata ba. Ya rubuta maganin zafi. Ya ce a riƙa juya shi saboda gyambo.

"To ku riƙe shi a nan," in ji Levi. "Ko mako biyu. Mama ba za ta iya ba."

"Malam, gadon nan na wanda za mu iya yi wa wani abu ne."

Wannan karon ko kwana bai yi ba. Clara ta rako su har bakin mota da auduga a leda. Ta miƙa wa Hulda, ta koma ciki.

Yanzu ba sai an ce masa Lahadi ba ne. Ba ya jan ƙafa, ba ya tambayar citta. Abinci sai an matsa. Bayansa ya fara ɓarewa duk da juyin da take yi, ɗakin ya ɗauki wani wari da turare bai iya da shi ba. Yemima tana zuwa kullum ita kaɗai, ba tulu, ba zanen zumunta. Takan ajiye itace, ta ɗauki wanki, ta tafi rafi. Su biyun ba su taɓa tayar da maganar ranar ba.

Abin mamaki, duk abin da tsohon ke mantawa, wannan ɗaya ya maƙale. Da safe in ta kawo kunu sai ya ce, "An rufe?"

"An rufe me?"

"Wurin da na sara. Kada a bar gawa tana jira."

Da farko takan ce ba wanda ya mutu. Sai ya fusata, ya ce to don me aka tara mata. Daga baya ta koma cewa, "Samari suna zuwa." Ya ce yaran yanzu ba su da kirki, ya juya fuska bango.

Ran Asabar Levi ya zo. Ya shiga ya gai da ubansa, uban ya tambaye shi ɗan gidan wane ne. Ya fito ya zaga bayan gida don kada uwarsa ta ga fuskarsa. Ya tarar da saran yana nan, ruwan sama ya taru a ciki. Ransa ya ɓaci. Ya sa gefen takalmi ya fara tura ƙasa.

"Levi."

Tana tsaye a jikin rumbu da fo a hannu. Ta rame har zanenta ya zagaya ta sau biyu.

"Mama, abin nan ba kyau. Kamar muna kiran mutuwa ne."

"Bar shi."

"Mama..."

"In ka cike, wa zai sara? Kai ka san wurin da ya kamata? Ka san inda kakarka take, ka san inda dutse yake a ƙasa?"

Levi bai sani ba.

"Shi ne babba. Ya zaɓa, gefen ƙanensa. Ɗauke ƙafarka."

Ya ɗauke. Ta sunkuya da ƙyar, ta sa yatsu ta kwashe ƙasar da ya tura, ta ɗauko wani faffaɗan dutse ta rufe saran don kada ruwa ya shafe shi. Sannan ta ɗauki fartanyar, wadda ke jingine tun ranar, ta goge bakinta da gefen zani, ta mai da ita gindin rumbu.

Daga cikin ɗaki muryar tsohon ta fito, siririya.

"'Yar Kumai! Samarin sun zo?"

Ta dubi ɗanta. Ta ɗauki fo ɗinta.

"Ɗaya ya zo," ta ce, ta shiga.